Auta Ta Tafi Da Sunana

Ku gyara zama, 'yan uwana, yau ba kwana-kwana. Wata baiwar Allah ta rubuto min ta ce, "Ke kullum sai kukan Mai Jirgi kike yi, ke ba ki da laifi ne?" Ina da shi, 'yar uwa. Shi ma na zo faɗa. Sai dai ku yi haƙuri da ni, ni mai dogon zance ce, idan ban faro daga tushe ba harshena ba ya sakuwa.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni: shekaruna ashirin da uku, ina aiki a wani ɗan shagon ɗaukar hoto a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa. Shagon bai fi taku biyar ba. Farin ƙyalle a bango, kujera ɗaya, fitila biyu, kwamfuta, sai injin buga hoto da ba ya tashi sai an ɗan mare shi a gefe. Akwai baƙar kwat guda ɗaya a rataye bayan ƙofa, duk namijin da ya zo hoton neman aiki ita yake sakawa, siriri da mai tumbi. Aikina in zaunar da mutum in ce, "Ɗaga haɓa, fito da kunne, kada ka yi murmushi," in kuma cika masa fom idan bai iya ba.

Mu biyu ne a wajen Inna, ni da Auta. Baba ya rasu tun Auta tana rarrafe. Shekara bakwai na ba ta, amma kamarmu kamar an tsaga kara. Goshi ɗaya, wushirya ɗaya, har muryarmu Inna kan rikita idan muna ɗaki. Bambancin kawai, ni ina da tawadar Allah a ƙasan idon hagu, ita ba ta da ita.

Shi kuwa Mai Jirgi, ba jirgi gare shi ba. Mutane suka laƙaba masa, don duk yarinyar da ta shiga hannunsa sai ta hau jirgi. Ejan ne, yana samar wa 'yan mata aikin gida a ƙasar waje. Shagonmu yake kawo su hoton fasfo, uku-uku, huɗu-huɗu, su jeru a bakin ƙofa suna ƙus-ƙus suna gyara mayafi. Shi kuma ya jingina da kanta, farar shadda ta sha guga kamar ta yanki hannu, agogo na sheƙi, turarensa ya kwana a shagon har washegari.

Ranar da ya fara min magana, na gama da 'yan matan ke nan, sai ya je ya zauna a kujerar.

"Malama mai hoto, mu ba a ɗaukarmu ne?"

Na ce, "Na fasfo ko na neman aiki?"

Ya ce, "Na neman aure."

Na yi dariya, jama'a. Ba zan ɓoye muku ba, har da rufe baki da gefen mayafi. Ku da kuke karantawa kun riga kun san halinsa, sai ku ce ina hankalina ya tafi. Ni a ranar mutum na gani mai fara'a, mai gaishe da mai katifa, mai saya wa 'yan matan ruwan sanyi.

Da farko ni ya nema wa aikin. Ya ce gidan mutanen kirki ne, tsohuwa ɗaya kawai za a kula da ita, shekara biyu in dawo in buɗe shagon kaina. Na yi fasfo, aka buga biza, komai ya kammala. Saura sati uku tafiya ya zo gida da la'asar ya zauna a tabarmar ƙofar ɗakin Inna, ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya.

"Inna, ni fa na kasa. Ba zan iya kai matar da zan aura filin jirgi da hannuna ba."

Inna ta yi murmushin da na daɗe ban gani ba. Ni kuwa ƙasa ta ƙi tsagewa in shige.

Ya ce matsalar ɗaya ce, mutanen can suna jira, gurbin kuma da sunana aka yi shi. Auta tana bakin famfo tana wanke-wanke, sai ta ɗago da kumfa a hannu ta ce, "Ni ba sai in je ba?"

Ta gama aji huɗu na sakandare a lokacin, ta zauna a gida. Yarinya ce mai son ganin duniya, ko motar haya ta gani sai ta tambayi inda za ta. Mai Jirgi ya dube ta, ya dube ni, ya ce shekarunta ba su kai ba, ba za a ba ta takarda ba. Sai ya ce, kamar yanzu abin ya faɗo masa, "Ikon Allah. Ku tsaya kusa da juna in gani."

Muka tsaya. Ya ce, "Wallahi ko ni sai na ƙura ido."

To ga laifina, 'yar uwa mai tambaya. Bai tilasta ni ba. Ni ce mai hoto, ni na san abin da ake dubawa a fuska. Ni na zaunar da Auta a kujerar shago ranar Lahadi da ba kowa, na ajiye fasfona a buɗe kusa da ita. Na gyara mata gira ta koma irin tawa. Na koya mata ɗaura ɗankwali ya sauko kan goshi yadda nake yi. Na ɗauki tsinken kwalli na ɗiga mata tawadar Allah a ƙasan idon hagu, na goge, na sake, har sai da ta zauna daidai. Na sa ta maimaita sunana da ranar haihuwata har ta daina tuntuɓe. Ta riƙa tsokanata tana tafiya irin tawa tana cewa, "Ɗaga haɓa, fito da kunne!" muna ta shewa. Da na gama na ja baya na dube ta, wallahi alfahari na ji. Na ce a raina, kai, na iya aikina.

Ta wuce filin jirgi da fasfona ba wanda ya tsayar da ita. Tana sanye da doguwar rigata mai ruwan toka da takalmina da ya ɗan yi mata yawa, na cusa mata auduga a gaba.

Wata uku na farko duk sati sai bidiyo ya zo ta wayar Mai Jirgi. Auta a tsaye gaban wani bango mai ruwan madara: "Inna ina lafiya, Yaya ina lafiya, mutanen gidan suna da kirki." Inna ta sa a kunna mata sau goma, ta kai wa maƙwabta su gani. Ni dai wani abu ya tsaya min. Na san hoto. Hasken bai taɓa canzawa ba, inuwar da ke bayanta tana wuri ɗaya kullum, rigar ce kawai ake sauyawa. Duk a rana ɗaya aka ɗauke su. Na gani, na haɗiye, don a lokacin ana maganar ranar da manyansa za su zo, ni kuma ina zaɓen kalar labule.

Daga baya bidiyon ya tsaya. In na tambaya ya ce layin can ne ba kyau. In na sake tambaya ya ce, "Amarya, kin fiye damuwa, yarinya tana can tana ƙiba."

Ranar Talatar da ta wuce ta sama, wata bakwai cif da tafiyarta, ina tsaka da yanka wa wani dattijo hotunansa, wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce mai tsawo, saƙon murya. Na danna na kara a kunne, almakashi a ɗaya hannun.

"Yaya, ni ce. Wayar wata ce na ara. Ba gidan tsohuwa ba ne, gida na uku ke nan da aka kai ni. Sun karɓe waya da fasfo. Ba na fita. Hannuna ya ƙone, ba su kai ni asibiti ba. Kada ki gaya wa Inna. Yaya, ki ce masa…"

Nan ya yanke. Raɗa take yi, irin ta wanda ya shige bayan ƙofa. Na kira lambar, ba ta shiga. Na sake, na sake. Dattijon ya ce, "'Yata, kin yanke min kunne fa." Na duba, ashe na raba hoton gida biyu.

Na tura wa Mai Jirgi saƙo: "Ka zo gida yau. Dole."

Ya amsa da hoton fure da "An gama, ranki ya daɗe."

Ya zo bayan la'asar cikin shadda ruwan sararin samaniya, da ledar lemo da ayaba ta Inna. Inna ta fito da kofunan gilas ɗin da ba a taɓawa sai baƙo, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta shige ɗaki ta sako labule. Ban ko gaishe shi ba. Na ajiye wayar a tsakaninmu na kunna.

Ya saurara har ƙarshe. Ya kurɓi ruwa. Fuskarsa ko gezau.

"Yarinta ce," in ji shi. "Duk haka suke yi idan kewar gida ta taso. Wata ma cewa ta yi aljanu ne a gidan."

"Hannunta ya ƙone."

"Ke ba ki taɓa ƙonewa a girki ba?"

"Ka dawo min da ƙanwata."

"Sai ta cika shekara biyu. Haka aka sa hannu."

"To zan kai ƙara."

Sai ya yi murmushi, irin wanda ya yi min ranar farko a shago, ba ragi. Ya matso kaɗan, ya rage murya don kada Inna ta ji.

"Ƙarar wa, amarya? Ki je ki ce wa ya ɓata? Auta ba ta taɓa fita ƙasar nan ba. Ba ta da fasfo, ba ta da biza. A takarda ke ce kika tafi. Ni kuma wadda aka kawo min da fasfo a hannu na kai filin jirgi, ban san an yi musanya ba. Wa ya gyara mata fuska? Ni ko gira ban iya ja ba." Ya ɓare ayaba ya miƙo min. "Ni tausayinki nake ji. Irin wannan laifin shekaru ake ɗauka a gidan yari. Ci mana, kin rame."

'Yan uwana, na so in yi ihu. Mutumin nan bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Da zai tafi har ya leƙa ya ce, "Inna, a yi mana addu'a," ta ce, "Allah ya yi albarka, ɗana."

Ashe duk ta ji. Labule ba bango ba ne. Da na shiga na same ta zaune a bakin gado, ta ɗora hannu biyu a gwiwa, tana kallon akwatin Auta da ke saman kabad.

"Sake kunna min," ta ce.

Na kunna. Ta saurara ido a rufe. Da aka zo wajen "kada ki gaya wa Inna" sai ta buɗe ido.

"Inna, gobe zan je in faɗa."

"Ba inda za ki."

"Inna, hannunta…"

"Na ji da kunnena, ba kurma ba ce ni!" Ba ta taɓa daka min tsawa irin wannan ba. Sai kuma muryarta ta karye. "Ɗaya tana can, ɗaya a kulle ta? In zauna da wa? In ce wa mutane me? Ki lallaɓa shi. Namiji ne, yana sonki, idan kin shiga gidansa kya san yadda za ki yi da shi ya dawo da ita. Ki yi masa magana mai daɗi. Ki sa jar atamfar nan da yake so."

Kada ku zagi Inna, don Allah. Mace ce da ta raine mu da wankau da guga, ba ta taɓa shiga ofis ba sai na asibiti. A wajenta duk mai zama bayan tebur kama mutane yake yi. Dabarar da ta sani ke nan ta ba ni.

Washegari na ce mata na tafi shago. Na saka baƙin hijabi, na wuce shagon, na hau mota zuwa wani ofis da na taɓa yi wa kwafin takardun wayar da kai, masu taimakon waɗanda aka yi safararsu. Yana saman wani kantin magani, matakala ƙunci, fanka ɗaya tana juyi kamar ba ta so. Mata biyar na tarar a benci, kowacce da leda ko ambulan a cinya.

Na zauna kusa da wata mai kamar shekarun Inna. Ta dube ni ta ce, "Ke ma taki ce?"

Na ce, "Ƙanwata."

"Ni 'yata ce. Shekara ɗaya da rabi." Ta buɗe ambulan ta zaro ƙaramin hoto ta miƙo min. "Kin ga ta. Ba ta da hayaniya."

Na karɓa. Farin ƙyalle a baya, da 'yar inuwa a kusurwar dama, don fitilarmu ta wannan gefen ta fi rauni. Ba wani shago da ke fitar da wannan inuwar sai namu. Na tuna yarinyar ma. Ta kasa daina murmushi, sai da na ɗauka sau huɗu.

Matar ta ce, "Hoton ya yi kyau ko? Shi kaɗai gare ni."

Na ce, "Ya yi kyau, Mama." Na mayar mata da hannu biyu. Ban gaya mata ba. Har yau ban san ko ya kamata in faɗa ba.

Wadda ta karɓe ni wata Anti ce mai tabarau da igiya, gajeriya, muryarta kamar ta malamar firamare. Ta jawo fom.

"Sunan wadda ta tafi, yadda yake a fasfo?"

Na faɗa.

"Sunanki?"

Na sake faɗar sunan.

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Ta ajiye biro. Ta tashi ta tura ƙofa, ta dawo ta zauna a kujerar da ke kusa da ni, ba ta bayan tebur ba.

"To ƙanwata, faro min daga farko. Ba sauri."

Na faɗa mata komai, har tsinken kwalli. Ba ta yi salati ba, ba ta tafa hannu ba. Da na gama ta ce ba ni ce ta farko ba, kuma ba a banza irinsu Mai Jirgi suke son a yi haka ba: idan 'yan uwa suka sa hannu a cikin ƙaryar, bakin gida gaba ɗaya ya rufu.

Na ce, "Anti, za a kulle ni?"

Ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, ban sani ba. Lauyanmu zai tsaya miki, zai nuna yaudararki aka yi, kuma ke kika kawo kanki. Amma alkawari ba nawa ba ne. Abin da na sani, ƙanwarki yarinya ce, ba ta yi laifin komai ba, kuma ba za mu iya nemanta ba sai kin rubuta wannan da hannunki."

Na dubi takardar. Na tuna Inna a bakin gado. Na rubuta shafi biyu, na sa hannu.

Kwana tara ina zuwa shago ina cewa mutane su ɗaga haɓa. Mai Jirgi yana turo saƙo safe da yamma: "Amarya ta huce?" "Na ga wani gado yau, sai ke." Anti ta ce kada in nuna masa komai, don haka nake amsawa, "Lafiya lau." Inna ta ga ina amsa masa, ta ɗauka shawararta na bi, har ta goge min jar atamfar ta rataye a ƙusa.

Jiya da hantsi Anti ta kira. "Ki zo yanzu. An same ta."

Ban san yadda na kulle shagon ba. Da na isa ta riƙe hannuna ta zaunar da ni tukuna. Ta ce Auta ta gudo daga gidan da ƙafarta kwana huɗu da suka wuce, wata mata ta tsince ta a titi ta kai ta wani gida da ake ajiye 'yan aikin da suka gudu. Tana da rai, an ɗaure mata hannun. Na fara hamdala, Anti ta ce in tsaya, akwai saura.

"Masu gidan da ta baro sun kai fasfon, sun ce 'yar aikinsu ce, babba ce, da yardarta ta zo, a mayar musu. Mun tura takardar haihuwar Auta da bayaninki. Jami'in can ya ce takarda ta ci karo da takarda, don haka bakinta zai bi. Idan ta faɗi sunanta na gaskiya da shekarunta, yarinya ce da aka yi safara, ba mai ikon taɓa ta, gida za a dawo da ita. An tambaye ta sau biyu. Sunanki take bayarwa."

"Me ya sa?"

"Shi za ki tambaye ta. Sun ba mu minti biyar."

Ta ajiye wayar a tebur ta buɗe murya. Aka yi ta ƙara. Wani namiji ya yi magana da yaren da ban sani ba, wata mata mai fassara ta ce ga ta nan. Sai na ji numfashi.

"Auta?"

A hankali ta ce, "Yaya."

Wallahi na shirya maganganu a mota, duk suka gudu. Na ce, "Kin ci abinci?"

"Na ci. Ina Inna? Ƙafarta ta daina kumburi?"

"Ta daina. Auta, saurare ni, lokaci kaɗan ne. Mutumin nan zai tambaye ki sunanki. Ki faɗi naki. Ki ce shekarunki goma sha shida."

"A'a."

"Auta!"

"Ya gaya min, Yaya. Tun a mota ranar da zan tafi, da kuka sauka ke da Inna. Ya ce duk ranar da na faɗa, ke za a ɗaure, shekara goma sha huɗu. Ya ce Inna ba za ta kai ba."

"Na riga na faɗa musu da kaina! Na rubuta, na sa hannu. Ga Anti nan, tambaye ta."

Anti ta matso ta ce, "Gaskiya ne, 'yata. Yayarki tana nan zaune lafiya, ba wanda ya kama ta."

Auta ta yi 'yar dariya, irin wadda take yi idan ta kama ni ina mata wayo. "Yaya ke nan. Haka kika ce min allura ba zafi. Ba a kama ki ba don ban faɗa ba ne. Ina faɗa shi ke nan."

"Don girman Allah, Auta. Mayar da ke za su yi."

"Saura wata goma sha bakwai. Na lissafa. Zan iya. Yanzu na san halin matar, idan ban kalle ta a ido ba ba ta cika duka ba."

"Ni ce babba, ni nake ba ki umarni!"

"A nan ni ce babba," ta ce. Tana so ta mayar da shi wasa, amma muryarta ta tsinke a tsakiya.

Namijin ya sake magana. Mai fassara ta ce lokaci ya yi, jami'i zai yi tambaya ta ƙarshe, kowa ya yi shiru. Na durƙusa a gaban teburin, na kama ƙafarsa da hannu biyu kamar ita na kama. Na ji an tambaya. Na ji ƙanwata ta gyara murya.

Ta faɗi sunana, cikakke, da na Baba. Ta ce shekarunta ashirin da uku.

Layin ya ɗauke.

Anti ta yi ta kira, ba a ɗauka. Ta kira wani, ta kira wata, tana magana tana zagaya ofis, tabarau na lilo a ƙirjinta. Daga ƙarshe ta zauna. Ta ce ba ta haƙura ba, lauya zai rubuta a dakatar, za su nemi a sake ba mu layi jibi. Na ce masu gidan fa, yaushe za su zo ɗaukarta? Ta cire tabarau ta murza ido.

"Sun ce gobe."

Na sauko matakalar. Rana tsaka, titi cike da mutane, kowa da inda za shi. Mai kantin magani yana ta ciniki. Na tsaya a bakin hanya na rasa gabas na rasa yamma. Sai wayata ta yi ƙara a jaka. Na ɗauka Anti ce, na zaro da sauri.

Mai Jirgi ne. Ko minti ashirin ba a yi da yanke layin ba.

"Amarya, na ji kun gaisa da Auta. Yarinya mai riƙon amana, Allah ya yi mata albarka. Ki taho gida, rana ta yi zafi. Ina nan tare da Inna, tana ta tambayar inda kika shiga."

Na karanta sau uku. Na waiga na dubi tagar ofis ɗin a sama, na dubi mutanen da ke wucewa ɗaya bayan ɗaya, ban san idon wa zan guje wa ba. Mota ta tsaya a gabana, direba ya leƙo ya ce, "Hajiya, tafiya ne?"

Inna tana gida ita kaɗai da shi. Na shiga.